Masu Bin Sawun Cuta: Sana'ar da Ake Koya a Ƙauye, Ake Nema a Jeniba

A farkon shekarar 2010, kafin kowa ya gane abin da ke kashe yara a wasu ƙauyukan Zamfara, agwagi ne suka fara ƙarewa a gari. Mutane sun lura, amma wa zai kai ƙarar mutuwar agwagwa asibiti? Ba a jima ba ƙananan yara suka shiga amai da ciwon ciki da shiɗewa, wasu kafin a kai su ko'ina rai ya yi halinsa. Lokacin zafi ne, lokacin sanƙarau, don haka zato ya fara tafiya can, sannan ya koma kan zazzaɓin cizon sauro. Aka ba da magungunan da aka saba bayarwa, mutuwa ba ta tsaya ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, da suka shiga yankin a watan Maris, sun tarar da sababbin ƙananan kaburbura fiye da yadda hankali zai ɗauka.

Sai aka koma ga tambayar da ya kamata a fara da ita: me ya canza a garin nan? Abin da ya canza shi ne zinari. Farashinsa ya tashi a kasuwar duniya, maza suka dinga haƙo dutse suna kawowa gida, ana niƙa shi a injin niƙa, ana daka shi a turmi, ana shanya shi a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Masu binciken da suka biyo baya, daga ma'aikatun lafiya na tarayya da na jiha, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka mai suna CDC, sun bi gida-gida a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da Yargalma ta Bukkuyum. A kowace ƙofa tambayoyin ba sa canzawa. Yara nawa 'yan ƙasa da shekara biyar ke gidan nan bara warhaka? Nawa suka rasu? Ana sarrafa dutse a cikin gida ko a waje? Da suka haɗa lissafi sai suka ga kusan yaro ɗaya cikin huɗu ya rasu a cikin shekara guda. Na'urar hannu da suke auna dalmar jini da ita tana tsayawa ne a 65, jinin yara da yawa kuwa ya zarce abin da take iya karantawa. An ƙiyasta yara fiye da 400 ne suka rasu a wannan musiba. Amma daga ranar da aka gane tushenta, aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aka fara ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jiki, mutuwar ta ragu ƙwarai.

Wannan aiki shi nake kira bin sawun cuta, kuma ina ganin girmansa ƙwarai. Likitan asibiti mutum ɗaya ne a gabansa. Mai bin sawun cuta kuwa gari guda ne majinyacinsa. Yana aiki ne kamar makiyayin da shanunsa suka ɓata, wanda zai durƙusa ya dubi ƙasa ya ce maka guda nawa ne, ina suka dosa, kuma tun yaushe suka wuce. A ganina, a duk fannin lafiya babu gwanintar da ta fi wannan buɗe wa ɗan ƙasarmu ƙofar aiki a duniya. Abin da ya fi burge ni shi ne, ana koyonta ne a irin wuraren da matasanmu ke ɗokin gudu daga gare su.

Kayan aikinsa na farko takarda ce mai layuka. Layi ɗaya, mutum ɗaya: suna, shekaru, mace ko namiji, unguwa, ranar da ciwo ya fara, alamomin da aka gani, an yi masa rigakafi ko ba a yi ba, ya warke ko ya rasu. Ka ga abin kamar ba komai, amma cika wannan takarda daidai shi ne ke bambanta gwani da ɗan koyo. Ranar da ciwo ya fara, alal misali, ba ita ce ranar da aka kawo yaro asibiti ba, kuma uwa a karkara ba da kalandar Turawa take lissafi ba. Gwani ba zai ce mata "ranar nawa ga wata?" ba. Zai ce, "Inna, kafin kasuwar Laraba ne ko bayanta? An riga an yi sunan gidan maƙwabta ko tukuna?" Da haka zai tsinto ranar. Zai kuma tsayar da ƙa'idar wanda za a lissafa tun kafin ya fara ƙirge, domin idan kowane mai gudawa aka rubuta shi a matsayin mai kwalara, lissafi ya ɓaci tun daga tushe.

Idan layuka suka taru, sai ya jera su bisa kwanaki ya ga siffar da za su ba shi. In mutane suka kwanta kusan lokaci ɗaya cikin kwana biyu ko uku sannan abin ya lafa, to wuri ɗaya suka ɗebo ta, rijiya ce ko abincin biki. In kuwa abin yana zuwa kashi-kashi, yau biyu, bayan mako biyu takwas, bayan wasu makonni talatin, to daga mutum zuwa mutum take tafiya, kuma tazarar da ke tsakanin kashin tana nuna irin cutar. Sai ya ɗora sunayen a kan taswirar gari, ko da zanen hannu ce, ya ga inda suka yi cincirindo. Sannan ba ya taɓa faɗin adadi ba tare da ya tambayi "cikin mutum nawa?" ba. Masu ƙyanda hamsin a birnin Kano labari ne daban da masu ƙyanda hamsin a ƙauye mai mutum ɗari biyar. Wannan ƙaramar ɗabi'a ta tambayar "cikin nawa" ita ce rabin ilimin, kuma mutum zai iya yin digiri biyu bai same ta ba.

Inda wannan gwaninta ta fi nuna kanta a ƙasarmu shi ne yaƙi da shan inna. Cutar tana da wayo. A cikin yara kusan 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai ƙafarsa ke shanyewa, sauran suna yawo da ita lafiya lau suna yaɗawa. Saboda haka aka kafa doka cewa duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da hannu ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai rahoto, ko me ake zaton ya jawo. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ake kira DSNO, zai hau babur ya je gidan. Ana so ya karɓi bayan gidan yaron sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara shanyewar. Zai saka a 'yar roba, ya rufe, ya rubuta lamba, ya jefa cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara, kuma sanyin nan bai kamata ya yanke ba har kayan su isa ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Ka yi tunanin mutumin da zai zauna a zauren wani magidanci yana lallashi a ba shi kashin yaro, sannan ya kwana yana neman inda zai samu ƙanƙara a garin da babu wuta. A kan irin waɗannan mutane aka gina sanarwar da aka yi ranar 25 ga Agusta, 2020, cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Akwai wata hikima a cikin tsarin nan da nake so mai karatu ya tsaya ya duba. Ƙaramar hukumar da ta ce ba ta ga ko yaro ɗaya mai shanyewar ƙafa ba a shekara, ba a yaba mata, tuhumarta ake yi. Dalili kuwa, ko babu shan inna, akwai wasu cututtuka da ke sa ƙafar yaro ta saki, kuma an san kimanin yawan da ya kamata a gani a cikin kowane yara dubu ɗari. Wanda bai kawo ko ɗaya ba, bai duba ba ne. An ga gaskiyar wannan a 2016. Najeriya ta yi shekara biyu ba a samu mai shan inna ba, har an fara murna, sai ga yara sun bayyana da ita a Borno. Da aka binciki ƙwayar a ɗakin gwaji, aka gano ta shekara kusan biyar tana yawo a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga. Wanda ya koyi rashin yarda da shiru a irin wannan makaranta, ko'ina aka kai shi a duniya zai yi amfani.

Sai dai lissafi kaɗai ba ya buɗe ƙofar gida. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin cewa an gurɓata maganin, ba a dawo da shi a Kano ba sai tsakiyar 2004, kuma sanadiyyar haka cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. Tsoron mutane bai faɗo daga sama ba. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kuma tambayar da iyaye suka riƙa yi tana da nauyi: me ya sa ake bin mu har gida da wannan ɗigon kyauta, alhali in yaro ya yi zazzaɓi muka je asibiti sai mun sayi komai? Ma'aikacin da ya ɗauki wannan tambaya a matsayin jahilci ya gama faɗuwa. Waɗanda suka yi nasara su ne suka zauna suka saurara, suka koma suka ce wa manyansu mutanen nan suna da gaskiya. Daga nan aka fara kafa sansanonin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa tare da ɗiga rigakafi, aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gidajen da namiji ba ya shiga, aka sa waɗanda shan inna ta nakasa su yi wa iyaye magana da bakinsu. A 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamitinsu na kula da lafiya a matakin farko, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka ɗauki abin a matsayin nasu. Yaran da cutar ta shanye sun kusa 800 a 2008. A 2010 sun koma 21.

Duniya ta ga amfanin wannan tarbiyya a 2014. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da Ebola. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta gane abin da ke damunsa, ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Kowa ya san abin da Ebola za ta iya yi a birni mai cunkoso irin Legas. Abin da aka yi shi ne, aka ɗauko tsarin cibiyar ɗaukin gaggawa da aka kafa don shan inna a Abuja a 2012, aka dasa a Legas, aka ɗora Dakta Faisal Shu'aib, wanda ke cikin shugabannin waccan cibiya, ya ja ragamar aikin. Tsarin ba shi da wani sirri: kowa da kowa a ɗaki ɗaya, gwamnati da ƙungiyoyin waje, shugaba ɗaya, taro kullum, kuma duk wanda aka ba aiki jiya zai tashi ya faɗi inda ya kwana.

Masu bin sawu suka bazu. Duk wanda ya taɓa majinyaci, ko ya zauna kusa da shi, ko ya wanke kayansa, an rubuta sunansa, kuma kullum sai an je an same shi ido da ido an auna zafin jikinsa har kwana 21. Mutum 894 aka bi ta haka, a Legas da Fatakwal, ziyarar da aka kai ta kai kimanin 18,500. Wasu suna ɓuya, wasu suna kashe waya, wasu maƙwabta na korarsu daga gidan haya, duk sai an lallaɓa. A ƙarshe mutum 20 ne suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta fita. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan zirga-zirga ɗalibai ne da tsofaffin ɗaliban shirin horar da masu binciken annoba na ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare, ma'aikatan lafiya 'yan Najeriya sun tafi Laberiya da Saliyo ƙarƙashin tutar Tarayyar Afirka. Har manhajar kwamfuta aka haifa daga wannan gwagwarmaya, mai suna SORMAS, wadda masana na Najeriya da na Jamus suka haɗu suka ƙera don bin diddigin masu cuta da waɗanda suka yi hulɗa da su. Da korona ta zo, ofisoshin lafiya a Jamus kanta sun yi aiki da ita.

Ba yau aka fara ɗaukar darasi daga ƙasar nan zuwa duniya ba. A ƙarshen 1966 wani matashin likita Ba'amurke, William Foege, yana aiki a yankin Ogoja aka ce masa agana ta ɓulla, allurar da ke hannunsa kuwa ba za ta ishi kowa ba. Sai ya yi amfani da rediyon 'yan mishan, aka aika mutane ƙauye-ƙauye su gano inda masu cutar suke, aka yi wa na kewaye da su allura, da kasuwannin da ake zaton za su je. Annobar ta mutu ba tare da an yi wa kowa da kowa ba. Wannan dabara ta zama ginshiƙin yaƙin da ya kawar da agana daga doron ƙasa, abin da aka tabbatar a 1980, shi kuma Foege ya zama shugaban CDC a 1977.

Idan ka dubi 'yan ƙasarmu da suka yi nisa a wannan fage, za ka ga tafiyarsu ba miƙaƙƙiya ba ce, fita ce da dawowa. Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau a jihar Bauchi, ya yi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi aiki a Gambiya, ya ƙware a kan cututtuka masu yaɗuwa a Amurka, ya shiga Bankin Duniya a 2000. A 2008 ya dawo gida ya shugabanci hukumar lafiya a matakin farko daidai lokacin da shan inna ta fi ƙamari, ya zama ƙaramin ministan lafiya a 2011. A 2019 Bankin Duniya ya ɗora shi a kan sashen lafiya da abinci mai gina jiki na duniya baki ɗaya. A 2023 aka zaɓe shi ya shugabanci Gavi, ƙawancen samar da rigakafi na duniya, ya ajiye ya dawo ya karɓi muƙamin ministan lafiya. Faisal Shu'aib, shi ma ɗan Zariya a karatu, bayan Ebola ya yi aiki da gidauniyar Gates a Amurka, sannan ya dawo a 2017 ya riƙe hukumar da Pate ya taɓa riƙewa. Dakta Chikwe Ihekweazu ya koyi binciken annoba a Turai, ya yi aiki a Jamus da Ingila da Afirka ta Kudu, ya dawo a 2016 ya shugabanci cibiyar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi a 2021 ya jagoranci sabuwar cibiyarta ta tattara bayanan annoba a Balin. Duk su ukun, manyan kujerun duniya sun zo musu ne bayan sun yi aiki mai wuya a gida, wanda kowa ya ga sakamakonsa.

Ba kuma sai likita ba. Shirin horarwa na Najeriya da aka fara a 2008, tare da jami'o'in Zariya da Ibadan, yana ɗaukar likitocin mutane da likitocin dabbobi da masana ɗakin gwaji, shekara biyu, mafi yawan lokacin a fage ake yin sa, kaɗan ne a aji. An kwaikwayo shi ne daga wanda CDC ta kafa a Amurka a 1951, kuma ƙasashen Afirka da dama suna da irinsa ƙarƙashin ƙungiyar AFENET mai hedikwata a Kampala. Akwai kuma gajeren horo na wata uku don jami'an ƙananan hukumomi. Bayan waɗannan, aikin yana buƙatar ma'aikatan jinya da ungozoma, da masu lissafi, da masu zana taswira, da waɗanda suka iya kai rigakafi cikin sanyi daga Abuja zuwa tsibiran tafkin Chadi, da masu iya magana da jama'a. Digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma kusan dole ne ga mai son manyan muƙamai, ana yin sa a gida, ana kuma samun tallafin karatu irin su Chevening da Commonwealth na Birtaniya ko DAAD na Jamus. Amma takarda ƙofa kawai take buɗewa. A wurin ganawa abin da za a tambaye ka shi ne wace annoba ka taɓa bincika, me ka gano, wane mataki aka ɗauka saboda abin da ka gano. Zuwa da kai ya fi aike, kuma masu ɗaukar aiki suna gane wanda ya je da wanda ya karanta.

Inda na ga gwanayenmu da yawa suna maƙalewa shi ne rubutu. Mutum zai yi shekara goma yana kashe gobarar kwalara da sanƙarau da mashaƙo, kansa cike da ilimin da babu shi a littafi, amma bai taɓa zama ya rubuta shafi biyu ba. Wanda ke ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya a Jeniba ko Brazabil ba zai san da shi ba. Rahoton annoba mai kyau gajere ne: ga abin da ya faru, ga yawan mutane cikin mutum kaza, ga abin da muke zaton ya jawo da hujjarmu, ga abin da muka yi, ga abin da muke buƙata kafin Juma'a. Wanda ya iya rubuta wannan cikin dare ɗaya, kwamishina ya karanta ya gane, ya kama hanya. Daga nan sai taƙaitaccen bayani a taron masana, sai maƙala a mujallar kimiyya da sunansa a kai. Manhajojin lissafi irin su Epi Info da R kyauta ne, kuma ana koyonsu da kwamfuta mai araha. Tafiyar farko zuwa waje galibi gajera ce, ta 'yan watanni, ta hanyar shirin STOP da CDC da Hukumar Lafiya ta Duniya suka riƙa tura ƙwararru wasu ƙasashe don aikin rigakafi, ko aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ko MSF. Wanda ya yi ta da kyau, ya zauna lafiya da mutanen da ya tarar, ya girmama ma'aikatan ƙasar da suka fi shi sanin garinsu, shi ake sake kira. Kuma a sani, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar ko sisi don ɗaukar aiki. Duk wanda ya ce ka biya, ɗan damfara ne.

Ga kuma wata dukiya da muke riƙe da ita ba mu san darajarta ba. Yankin da sanƙarau ke addaba ya miƙe ne daga Senegal har Habasha, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyarsa. Cuta ba ta tsayawa a Jibiya ko Maigatari ta nuna fasfo. Mai jin Hausa zai yi hira da uwa a Maraɗi da Damagaram, da zangon Kumasi, da Garwa, da unguwannin Hausawa a Sudan, ba tare da tafinta ba, kuma abin da uwa za ta faɗa maka da harshenta ba za ta faɗa ta bakin tafinta ba. Abin da ya rage shi ne harshen ofis na biyu. Ɗan Kano ko Sakkwato da ya ƙara Faransanci a kan Ingilishinsa ya buɗe wa kansa Nijar da Chadi da Kamaru da Mali da Gini da Kwango, har da hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma. Ɗan Nijar da ya ƙara Ingilishi a kan Faransancinsa haka. Wanda ya yi karatun Larabci tun yana yaro kada ya raina shi, domin Larabci na cikin harsuna shida na Hukumar Lafiya ta Duniya. Mata kuwa, ana nemansu ruwa a jallo, saboda a ƙasashe da yawa rabin bayanan da ake buƙata suna cikin ɗakin da mace ce kaɗai za ta shiga.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Yawancin ayyukan na kwantiragi ne, wata shida, shekara ɗaya, ba ka san na gaba ba. Wasu wuraren ba a zuwa da iyali, sai mutum ya yi azumi da salla shi kaɗai a garin da ba a jin harshensa, 'ya'yansa na girma a waya. Akwai kuma haɗarin rai. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe aƙalla mata tara masu aikin rigakafin shan inna a Kano. A watan Afrilun 2019 aka kashe Dakta Richard Mouzoko, ɗan Kamaru mai binciken annoba na Hukumar Lafiya ta Duniya, a Butembo ta Kwango yana tsakiyar yaƙi da Ebola. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sannan kasuwar aikin kanta ta ƙuntata tun watan Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a waje, ƙungiyoyi da dama suka rage ma'aikata. Duk da haka cututtukan ba su rage aiki ba, kuma nauyin yana ƙara komawa kan gwamnatocin Afirka da cibiyar yaƙi da cututtuka ta nahiyar da aka buɗe a Adis Ababa a 2017. A irin wannan lokaci wanda ya iya aikin da hannunsa ne ke saura.

Don haka kirana ga gwamnonin jihohinmu shi ne su saki ma'aikatansu su je horo idan an ɗauke su, su ci gaba da biyansu albashi, su kuma ba jami'an sa ido na ƙananan hukumomi babur da mai da akwatin sanyi mai aiki. Kai kuma ɗalibi, ko ke ɗaliba, da ke makarantar koyon aikin jinya ko ta kimiyyar lafiya ko jami'a kuna mafarkin aiki a ƙasashen duniya, Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma kowace tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Ku nemi na garinku a sakateriya, ku gaishe shi, ku roƙe shi ya tafi da ku ranar da zai fita bincike na gaba.